Fayilolin Argungu da Baƙin Kawu

A kamfanin da na fara aiki a Birnin Kebbi, teburina yana ɗaki ɗaya da babbar kwamfutar ofis, wadda muke kira saba. Ba don darajata aka ba ni ɗakin ba. Ita ce take buƙatar sanyi, ni kuma na raɓa na samu. Duk ofishin nan kaɗai ne mai na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka da zafi ya kankama, mutanen da ko kallo ban ishe su ba da damina sai su riƙa leƙowa suna tambayar lafiyata, su ja kujera su zauna.

Aikin kamfanin auna gonaki ne. Ƙungiyoyin manoman shinkafa sukan kira mu, a je fadama da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, a kwaso hotuna, a haɗa su su zama taswira, kowa ya ga inda gonarsa ta tsaya da inda ruwa yake bi. Hotunan da taswirorin duka a cikin saba suke zama. Nawa aikin shi ne in tabbatar tana lafiya, kuma ba wanda ya shigar mata daga waje. Tsakaninta da intanet akwai abin da muke kira fayawol. Katanga ce, sai dai ba ta bulo ba. Tana da ƙofofi masu lamba, dukansu a rufe, sai wadda na buɗe da hannuna. A lokacin ban buɗe ko ɗaya ba, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Mai haɗa taswirorin taubashina ne, ɗan yayan mahaifiyata. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana mai kan gado ba. Shi yana cewa shi ne ubangidana, ni ina cewa ni ce uwargijiyarsa, kuma har yau ba a raba wannan gardama ba. A ofis ba ya kirana sai da injiniya, yana jan kalmar yadda kowa zai gane ba yabo ba ne. Ni kuma nakan gabatar da shi ga baƙi a matsayin mai yi mana fenti. Mun saba har ta kai idan ya ce mini ana ruwa a waje, sai na leƙa taga kafin in yarda.

Mahaifinsa, Kawu, manomin shinkafa ne a Argungu, amma ba da shinkafa aka san shi ba. Da rakiya aka san shi. Ba baƙon da zai fita gidansa shi kaɗai. Maƙwabci ana kai shi bakin tsamiyar da ke kan kwana. Wanda ya fito daga wata unguwa sai an kai shi titi. Na nesa kuwa sai tasha, kuma Kawu ba ya juyowa sai motar ta tashi. Mahaifiyata takan ba da labarin ranar da ya raka wani abokinsa, hira ta yi daɗi, sai ga su a ƙofar gidan mutumin. Shi kuma ya ga bai kamata ya bar Kawu ya koma shi kaɗai ba, ya rako shi. Ta ce ba don kiran sallar magariba ba da har yanzu suna kan hanya.

A farkon zafin wata shekara hawan jini ya kayar da Kawu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakinsa ya dawo, hankalinsa garau, amma ƙafa ta ƙi. 'Ya'yansa mata suna gidajen aurensu a garuruwa masu nisa, namijin ɗaya ne, shi ne taubashina. Ya ɗauki hutu ya tafi, hutun ya ƙare, ya kasa tahowa. Ya roƙi ogan kamfanin ya bar shi ya riƙa aiki daga gida.

Oga ba mugun mutum ba ne, amma ya sha wuya a hannun direbobin tasha. Mun taɓa ba wani direba filas, ɗan abin nan da ake zuba fayilolin kwamfuta a ciki, mai ɗauke da aikin wata guda, ya manta da shi a aljihu ya wuce Sakkwato. Wani kuma ya kawo mana shi lafiya, bayan ya tsaya a hanya an zuba masa waƙoƙi a ciki, da cutar kwamfutar da ta biyo su. Iyakar gona kuwa ba abin da ake ajiyewa a ko'ina ba ne, don tana iya raba 'yan uwa. Saboda haka oga ya gindaya sharaɗi. Idan fayilolin za su riƙa shigowa saba kai tsaye daga Argungu, ya zauna can. Idan ba za su shigo ba, to kafin ƙarshen wata ya dawo teburinsa, ko a nemi wani. A ƙarshen watan ne za a miƙa taswirar wata babbar fadama, ita ce za ta raba gardama.

Kawu, da ya ji ana maganar zama, cewa ya yi shi bai nemi mai gadi ba, yaro ya koma bakin aikinsa.

Haka maganar ta faɗo kan teburina. Na ba taubashina suna da kalmar sirri, na gaya masa adireshin saba, na koma na harɗe ƙafa. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Injiniya, gidanki a kulle shike. Na yi sallama har muryata ta dishe."

"Gidan mutunci na, ba kowa aka buɗe ma ba," na ce.

Gaskiyarsa ce, ban buɗe ƙofar ba. Na buɗe masa ita ina jin kamar an ce in cire ƙyauren ɗakina. Ya gwada, ta karɓi sunansa, ta karɓi kalmar sirri. Har na fara shirin yi masa gori sai ya sake kira, yana dariya.

"An amsa sallama, an ce in shigo, amma ɗakin wayam. Ko kun sai da kayan kamfanin ne?"

Dariyar nan ce ta cuce mu. Na ɗauka tsokana ce, na ce masa ya je ya wanke idonsa, na kashe waya. Ya sake kira na ƙi ɗauka. Shi kuma a can ya ɗauka ni ce na ɓoye fayilolin don in wahalar da shi, ya zauna yana jira in gaji da wasan. Yini guda muka ɓata kowa yana jiran ɗan uwansa ya daina wasa, alhali ba mai wasa a cikinmu.

Washegari da na ga shiru, na ɗauki laftof na fita daga ofis, don in gwada daga waje kamar yadda yake yi. Na tsaya ƙarƙashin dogon yaron bakin ƙofa, na aza ta kan kujerar babur ɗin wani ɗan kabu-kabu da yake jiran fasinja, na jona da wayata. Saba ta amsa sallama, sannan ta tsaya tana juyi, ba ta nuna komai ba. Kunya ta kama ni, amma ban bari ta daɗe ba.

Abin da ya faru shi ne, manhajar da muke aika fayil da ita tsohuwar hanya take bi, kuma wannan hanya ƙofa biyu take so. Ta ɗaya ake gaisawa, ta ɗayar ake shigo da kaya. Ni ta gaisuwa kawai na buɗe. Bayan haka kuma, idan baƙo ya tambayi saba ina zai kawo kayan, sai ta ba shi adireshinta na cikin ofis, wanda ba ya da amfani ga na waje. Kamar mutum ya kira ka daga tasha yana neman kwatancen gida, ka ce masa ɗaki na biyu hannun dama. Na buɗe 'yan ƙofofin kaya, na koya mata faɗin adireshin waje, na kira shi.

"Gwada yanzu, mai fenti."

"Kin gama fushin?"

"Gwada dai."

Ya ga manyan jakunkunan fayil sun jeru. Ya turo ƙaramin hoto ya shigo, ya turo wani ya shigo. Ran nan na sayi fura mai sanyi na sha ni kaɗai a ɗakin saba, ban tayi kowa ba.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Ƙananan fayiloli suna shigowa sumul, amma manyan, waɗanda su ne ainihin aikin, sai su kama hanya su mutu a tsakiya. Wani ya yi rabi, wani ko kwata bai kai ba, wani saura ƙiris ya tsinke. Idan ya tsinke kuma sai a faro daga farko. Ba lokaci ɗaya yake yi ba balle in ce ga dalili. Na fara yi masa tambayoyin da muka saba yi wa mutane.

"An ɗauke wuta?"

"Laftof cike take da caji."

"Data ta ƙare?"

"Jiya nis saye, ko taɓa ta ba a yi ba."

"Ka tashi daga wurin? Ka rufe ta ka tahi wani wuri?"

"Ina za ni? Ina nan gaban Baba kamar an dasa ni. Ko masallaci na ƙohwar gida nika zuwa, kuma ban tura komi lokacin salla."

Na koma kan katangata. Abin da take gaya mini kullum ɗaya ne: na can ɓangaren ya yi shiru, ni kuma na rufe ƙofa. Haka aka gina ta, idan mai shigo da kaya ya daɗe bai motsa ba sai ta ɗauka ya tafi. Na ƙara mata haƙuri, ta riƙa jira fiye da da. Bai hana ba. Na buɗe ƙofofi fiye da yadda raina yake so. Bai hana ba. Wata rana da la'asar, bayan na leƙa na ga oga ya fita, na sauke katangar gaba ɗaya na ɗan lokaci, ina jin kamar na bar jariri a bakin titi. Fayil ɗin ya taho, ya taho, ya mutu a inda ya ga dama. Na mayar da katanga da sauri. Aƙalla na san ba laifinta ba ne, amma sanin bai ƙare ni da komai ba.

Na zargi kamfanin layinmu, na kira su na zazzage musu abin da ke cikina, wata baiwar Allah mai sanyin murya ta saurare ni har na gaji. Na zargi laftof ɗinsa. Na zargi zafin gari. Oga kuma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a ta tsayawa a bakin ƙofata da safe, ba ya cewa komai sai "Ina labarin Argungu?" Ni kuma in ce ana kai.

Abin da ya tayar mini da hankali ba oga ba ne. Wata ranar Alhamis taubashina ya kira, ya gaishe ni gaisuwa irin ta mutane, ya tambayi aiki, ya tambayi mahaifiyata. Bai ce injiniya ba.

"Kin yi iya ƙoƙarinki," ya ce. "Na hwara haɗa kayana. Zan nemi wanda za shi riƙa kwana da Baba."

Tun da nake ban taɓa jin muryarsa babu tsokana a ciki ba, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Tsoro na ji, da haushi. Na ce masa ya kwance kayan nan, kada ya kuskura ya taho ya cika mana ofis da surutu, ina nan zuwa ranar Asabar in ga abin da yake ɓatawa da idona.

Na shiga motar Argungu da hantsi, an matse ni tsakanin wata mata mai kwandon kifi busasshe da wani dattijo mai buhun irin albasa a cinya. Shinkafar rani ta yi kore shar a fadama, injinan ban ruwa suna ta ƙara. Ban kalle su da daɗin rai ba, don duk gonar da na gani sai in tuna hotonta yana cikin fayil ɗin da ya ƙi isowa.

An mayar da gadon Kawu ɗakin da ke jikin zaure saboda masu dubiya. Na same shi a jingine da matasai, ya rame, amma hularsa tana zaune daidai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ashe ana ganina, ya ɗauka sai a waya ake samuna kamar masu labarai. A gefen gadon taubashina ya kafa ofishinsa: tabarma, ɗan teburin cin abinci, laftof a kai. Aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, na ce sai na ga abin da ya kawo ni. Kawu ya ce a gidansa ba a aiki da yunwa. Na ci.

Muka saka babban fayil. Wani koren layi ya fito a fuskar laftof yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. Idan ya kai ƙarshe, fayil ya isa Birnin Kebbi. Na zauna na zuba masa ido kamar mai jiran nono ya tafasa. Yana tafiya lafiya lau, har na fara tunanin ko tsorona yake ji.

Aka yi sallama. Wani maƙwabci ne ya shigo dubiya. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi gida da yara da gona, aka koma kan jiki. Ya yi addu'a ya miƙe. Kawu ya dubi ɗansa ya ce, "Ara mani ƙahwa." Taubashina ya tashi ya zura takalmi suka fita tare. Ni idona yana kan koren layi. Sai na ga ya tsaya. Na jira, bai motsa ba, can sai jan rubutu ya fito. Na dafe kai. Taubashina ya dawo ya leƙa ya ce, "Kin gani ko? Haka shika yi."

Ban gane ba a wannan karon, don layin kawai nake kallo. Muka sake sakawa. Ya yi nisa fiye da na farko, sai ga wasu mutum biyu daga wata unguwa, abokan noman Kawu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka taɓa maganar ruwa da tsuntsayen da suka addabi shinkafa, suka miƙe. Kawu ya ce, "Ara mani ƙahwa." Wannan karon na ɗaga kai. Na ga taubashina ya miƙe, ya gyara riga, ya shafa aljihun gaba kamar yadda kowane namiji yake yi kafin ya fita, ya bi bayansu. Na sauke ido kan 'yar alamar da ke ƙasan laftof, mai nuna ƙarfin haɗinta da intanet. Tana cike. Ta ragu. Ta ƙara raguwa. Daidai lokacin da na ƙiyasta sun kai tsamiya, ta ɓace.

Makonni ina faɗa da katanga, na zagi kamfanin layi, na sauke tsaron ofis da hannuna, ashe intanet ɗin gidan gaba ɗaya a aljihun rigarsa yake. Da wayarsa yake jona laftof. Duk baƙon da ya zo, wayar ma sai ta yi masa rakiya. Ƙaramin fayil yana wucewa tsakanin baƙo da baƙo, babba kuwa ba ya taɓa samun wannan sararin, don a gidan Kawu ba a rabin awa ba a yi sallama ba. Kafin ya dawo ya zauna, laftof ta riga ta sake kama wayar tun daga zaure, sai ya tarar da komai daidai ban da jan rubutu.

Yana shigowa na tare shi.

"Ina kat tahi?"

"Ba ko'ina. Rakiya nay yi."

"Na tambaye ka ko kana tashi daga wurin, kac ce kamar an dasa ka."

"To ai ban tahi ko'ina ba. Rakiya tahiya ta?"

Da gaske yake tambaya, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don na san ni ma da aka tambaye ni haka zan amsa. A gidan nan rakiya ba fita ba ce, ƙarshen gaisuwa ce.

"Wayarka hwa? Ina take sa'adda kaka rakiyar?"

Ya kai hannu aljihu. Hannun ya tsaya a nan. Ya dubi laftof, ya dubi ƙofa, ya dube ni. Na ga abin yana sauka a fuskarsa a hankali. Na shirya maganganu masu zafi tun daga Birnin Kebbi, amma da na ga yadda ya yi tsuru-tsuru da hannu a ƙirji kamar mai rantsuwa, dariya ta ƙwace mini. Shi ma ya zube kan tabarma. Muka yi ta yi har hawaye, Kawu yana bin mu da ido yana tambayar mi ya hwaru.

Na yi masa bayani da sauƙi. Na ce aikin ɗansa ta cikin wayar nan yake bi ya je Birnin Kebbi, idan wayar ta yi nisa sai aikin ya yanke. Idan aikin bai je ba kafin ƙarshen wata, oga ya ce ya koma. Kawu ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi, ya ce ashe waya ta fi wasu mutane ladabi. Sannan ya gyara fuska.

"Shi koma mana. Mi shika yi mani nan ban da cin tuwona?"

Ya ɗan jima yana kallon rufin ɗaki, sai ya miƙo hannunsa na dama, mai lafiyar.

"Kawo ta nan. Tunda ni ba inda za ni."

Taubashina ya sa masa wayar a hannu. Na juya laftof ta fuskanci gado, na nuna masa koren layin, na ce idan ya kai bango an gama. Ya ce wannan ai bai kai duban ruwa a gonar shinkafa wuya ba. Kafin in tafi na gyara manhajar yadda ko fayil ya yanke zai ci gaba daga inda ya tsaya, abin da ya kamata a ce tana yi tun farko. Muka gwada da wani matsakaicin fayil, aka yi baƙo, aka raka shi, layin bai ko girgiza ba. Da na tashi tafiya Kawu ya ce a ara masa ƙafa har tasha. A hanya taubashina ya yi ta shafa aljihu yana jin ba komai, ni kuma ina tuna masa cewa mai fenti ba ya buƙatar waya.

Ranar Litinin na rufe duk ƙofofin da na buɗe don ruɗewa, na bar waɗanda ake buƙata. Fayiloli suka riƙa shigowa. Amma oga ya ce shi ba zai ce komai ba sai ya ga taswirar babbar fadama, wadda ta ninka duk abin da muka taɓa turowa.

Ranar da za a turo ta, da hantsi, saƙo ya shigo mini daga taubashina. Ya ce ya saka ta. Ya ce kuma tsohon abokin Kawu na Gulma ya zo dubiya, wanda rakiyarsa sai tasha, kuma sai mota ta cika. Waya tana hannun Baba.

Oga ya shigo ɗakin saba ya ja kujera, wannan karon ba don sanyi ba. Ni a nawa ɓangaren ba koren layi nake gani ba, girman fayil ɗin nake gani yana ƙaruwa. Na san yadda motar Gulma take cika, sai ta ga dama. Na yi ta tunanin abubuwan da za su iya faruwa: wayar ta zame ta faɗi, wani ya kira Kawu ya latsa inda bai kamata ba, barci ya ɗauke shi. Fayil ɗin dai yana ta girma. Aka kira azahar, oga ya je ya dawo, fayil yana nan yana girma. Can ya tsaya, kuma girmansa ya yi daidai da abin da aka ce. Oga ya buɗe. Fadama ta baje a fuskar kwamfuta, kowace gona da iyakarta, ga hanyar ruwa tana ratsawa. Ya matso da fuska ya duba kusurwa huɗu, ya miƙe.

"Ki ce mashi shi zauna," ya ce, ya fita.

Na fito ƙarƙashin dogon yaro na danna lambar taubashina, na shirya gorin da zan fara da shi. Na manta ba ya tare da wayar.

"Shina rakiya," in ji muryar Kawu. "Wa ka magana?"

"Ni ta, Kawu."

"To, ɗiyata. Koren ya kai bango tun ɗazu. In sauke hannu?"

Sai a nan na gane. Tun da ɗansa ya fita yake riƙe da wayar a sama, wajen taga, da hannunsa ɗaya mai aiki, don a ganinsa haka za ta fi kama hanya. Ba wanda ya ce ya yi haka.

"Sauke, Kawu. Ya iso duka. Oga ya gani."

Ina jin kaji a tsakar gida, da numfashinsa.

"Ke nan ba a karɓe mani yaron?"

"Ba a karɓe shi, Kawu. Shina nan wurinka."

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. Ya sake faɗa. Sannan ya yi gyaran murya, muryarsa ta koma irin ta kullum. "Kada ki hwaɗa mashi na tambaya."

Na ce to. Na tsaya a gindin itacen nan ina share ido da bakin mayafi, wani ɗan kabu-kabu yana tambayata ko tafiya ce.

Da la'asar taubashina ya kira. Ya ce ya ji labari wai an samu nasara, kuma yana so in sani cewa shi ya gano matsalar tun farko, shiru ya yi don ya ga iyakar karatun injiniya. Ya ce in dai da adalci, ɗakin mai sanyi shi ya kamata a ba, a aiko masa da shi Argungu a mota. Ya yi ta zuba, yana tsayawa yana jiran in rama. Ina da amsa kala-kala a bakina. Na ce masa haka ne, ubangida, ka yi gaskiya.

Sai ya tambaye ni ko lafiya nake. Na ce lafiya lau, ya je ya duba hannun Kawu na dama, ya shafa masa man zafi.